Fure Tsakanin Taga Biyu

Allah sarki Fure! Da zarar an kaɗa ƙararrawar darasin addini, wato wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin dalbejiya, sai yaran makarantar su rabu gida biyu. Musulmi su shige ajin dama wurin Malam Mahmudu, Kiristoci su shige na hagu wurin Malama Salome. Fure kaɗai ke nufar barandar da ke tsakanin azuzuwan biyu, inda buhun gyaɗar hedimasta yake jiran ta. Ta zauna ta yi ta ɓara, hawaye na ɗiga a kan ɓawo, yatsunta duk sun yi kanta... Shekara uku cur ana wannan abu a wata makarantar En'e da ke bayan kasuwar Kontagora, 'yan shekaru bayan Turawa sun tattara kayansu.

Marainiya ce. Ubanta Bakambare ne daga wajen Auna, ya musulunta da girmansa. Uwarta Naomi Kirista ce daga wajen Rijau. Damina guda ta ɗauke su duka, aka kawo yarinyar hannun ƙanwar ubanta, Gwaggo Ruka mai tuyar ƙosai. Kada ku ɗauka son ilimi ne ya sa Gwaggo ta kai ta boko. Mai unguwa ne ya zo neman 'ya mace ɗaya daga layinsu, Gwaggo ta tura nata 'ya'yan bayan rumbu, ta miƙa marainiya. Daga baya ta gane ta ba da wadda ta fi kowa iya talla, ta yi ta cizon yatsa.

Hedimastan kuwa, Malam Maikuɗi, irin mutanen nan ne da in sun gaishe ka da fara'a sai ka laluba ka ji ko hularka na nan. Ya buɗe rajista ya ga gurbin addinin Fure ba a rubuta komai ba, ga shi kuma yana da gonar gyaɗa da ba mai ɓare masa. Sai ya ja Malam Mahmudu gefe, ya raɗa masa cewa yarinyar nan ta Malama Salome ce, in ya karɓe ta dangin uwarta za su ce ya ƙwace musu 'ya. Ya zagaya ya sami Malama, ya ce mata ubanta da carbi a hannu ya rasu, in ta karɓe ta garin nan zai ce tana janye 'ya'yan mutane.

To, malaman nan biyu maƙwabta ne, katanga ɗaya. Da layya cinya guda take tsallakawa gidan Malama, da Kirsimeti kwanon shinkafa ya tsallako gidan Malam. Kara ta yi musu yawa har ta zama cuta! Fure ta je ƙofar Malam, ya ce mata cikin taushin murya ta koma wurin Malama, ba ya shiga gonar maƙwabciyarsa. Ta je ƙofar Malama, ita ma ta shafa kanta ta ce ta koma wurin Malam, ba za ta ci amanar maƙwabci ba. Kullum da safe su tsaya su gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi yara, a tambayi akuyar da ta haihu, amma kunya ta hana kowannensu ya ce wai yarinyar nan ta wa ce.

Da aka shiga aji bakwai sai abin ya zo wuya. An ba makarantar gurbi shida na jarrabawar wucewa gaba, Fure kuma ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi da Turanci tun aji huɗu. Hedimasta ya kira ta ofis, yana cin ƙosan da Gwaggo ke aiko masa kowace safiya a ganye, ya ce ƙa'ida ta hana a sa sunan wanda ba shi da maki a darasin addini. Ya cika guraben da maza shida, cikinsu har da ɗansa Tanimu, wanda ya maimaita aji shida sau uku har gemu ya fara leƙowa.

Fure ta durƙusa. "Malam, don girman Allah ka tausaya min. Ba ni na ƙi shiga ba, kora ta ake yi. In aka cire ni, faranti Gwaggo za ta ɗora min har tsufana..."

Ya lashe yatsa ya ce takardar mace ai a murhu take ƙarewa, ta tashi ta je, akwai sabon buhu. A gida kuma Gwaggo har ta sayo sabon farantin talla, ta jingine shi inda Fure za ta riƙa ganin sa. Yarinya ta zaga bayan rumbu ta ɗaga hannu tana kuka, tana roƙon Ubangijin marayu ya dube ta.

Ana saura kwana biyu a aika sunaye, ruwa ya cinye hanyar Rijau. Sufeton makarantu, Malam Na'Allah, da aka sa ran zuwansa mako mai zuwa, ya fasa zuwa Rijau, ya juyo da babur ɗinsa ya faɗo makarantar ba sanarwa, daidai lokacin addini. Ƙafarsa ta farko a baranda ta sauka kan ɓawon gyaɗa, sai da ya rungumi ginshiƙi. Hedimasta ya rugo yana rantsuwa cewa darasin aikin gona ake yi. Sufeto ya dubi ɗalibar aikin gona ƙwaya ɗaya tal, ya shiga ajin dama.

Ya ta da Tanimu ya tambaye shi farillan alwala. Tanimu ya kawo biyu, ya sosa gemu, ya ƙara da wanke buta. Sai wata siririyar murya ta shigo ta taga, ta jero bakwai ɗin ba gargada. Sufeto ya tsallaka ajin hagu ya nemi Dokoki Goma. Yara suka kai shida suka cije. Muryar nan dai, ta ɗaya tagar, ta ƙarasa sauran huɗun tana shessheƙa. Ashe shekara ukun nan kunnenta na dama na wurin Malam, na hagu na wurin Malama!

Aka fito da kowa baranda. Malam Mahmudu ya ce shi an gaya masa ta Malama ce. Malama ta dafe ƙirji ta ce ita ma an gaya mata ta Malam ce. Suka dubi juna, sannan suka juya gaba ɗaya suka dubi hedimasta, wanda ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

Sufeto ya tsuguna gaban yarinyar. "'Yata, ke wane aji kike so?"

Fure ta fashe da kuka mai ƙarfi. "Ranka ya daɗe, tunda na zo makarantar nan ba wanda ya taɓa tambayata. Babana ya koya min salla kafin ya rasu, a bayan rumbu nake yi. Wurin Malam nake so... amma don Allah kada Malama ta rufe tagarta. Waƙar da suke yi ran Alhamis, da ita innata take lallashina."

Malama Salome ta rungume ta tana kuka. Malam Mahmudu ya ja bakin rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Shi kansa sufeto sai ya ce wai ƙurar gyaɗa ce ta shige masa ido.

A take Malam Mahmudu ya ba ta makinta, aka goge sunan Tanimu aka rubuta nata. Hedimasta kuwa sufeto ya zaunar da shi kan tabarmar Fure, ya ce tunda darasin aikin gona ne, malami ya kamata ya nuna yadda ake yi. Hedimasta ya yi ta ɓarar buhun nan har la'asar, aka soya wa yara. Wata bai ƙare ba takarda ta zo, aka sauke shi zuwa malamin aji ɗaya a can wajen Sahon Rami. Gwaggo Ruka ta ɗauki sabon farantinta da kanta, don 'ya'yan da ta ɓoye ba mai iya ƙirga canji.

Fure ta ci jarrabawa, ta wuce kwalejin horon malamai mata. Shekarar da aka yanke Jihar Neja ta dawo makarantar nan tana koyarwa. Tsofaffin maƙwabtan nan biyu suka raka ta har ƙofar aji, suna gardamar wanda ya fara koyar da ita. Ta saurare su har suka gaji, sannan ta yi murmushi ta ce su yi haƙuri, duk su biyun rana ɗaya suka kore ta.