Ɓarawon da Ya Cire Takalmi

Ranar Litinin da safe Mama Iyabo ta zo ofishin 'yan sanda na Tarauni ta ce an sace mata keken ɗinki jiya tana coci. Tsohuwa ce Bayarabiya, ta tsufa a Gyadi-Gyadi, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Ikko. Sufeto Maje ya tambaye ta wa take zargi. Ta ce ba kowa, don ba mai shiga wurinta.

A bakin layinsu akwai kyamarar tsaro a kan falwaya, irin waɗanda aka kakkafa bayan dawowar mulkin farar hula. Tun da aka ɗora ta ba ta taɓa kama ko ɓarawon kaza ba. Maje ya shiga ɗakin na'urori shi kaɗai, ya kunna hoton Lahadi. Dishi-dishi ne, ba a gane fuska. Wani mutum ya buɗe ƙofar, sai ya tsaya ya cire takalmansa ya jera su a gefe, sannan ya shiga ɗakin da ba kowa.

Maje ya koma baya cikin hotunan, mako bayan mako, shayinsa na hucewa. Mutane suna wuce ƙofar kamar bango ce. Mutum ɗaya ne kawai yake tsayawa, duk Juma'a bayan masallaci, ya jera takalmi a daidai wurin nan. Maƙwabta suka ce Bello ne, wanda ya koyi ɗinki a hannun marigayi mijinta.

A Unguwa Uku aka same shi. Ya rantse ranar Lahadi bai bar tasha ba.

"Me ya sa ka cire takalmi?" in ji Maje.

"Yallaɓai, wane takalmi?"

"Ɗakin ba kowa, sata ka je yi. Wa kake girmamawa?"

Bello ya sunkuyar da kai. "Ɗakin Mama ne. Ban taɓa shiga da takalmi ba."

Ya amsa cewa shagonsa ne ya mutu, ya ga keken a ajiye ba mai taka shi. A ƙarƙashin gadonsa aka samo shi.

Da tsohuwar ta ji sunan, ta ce ta janye ƙara, a bar masa keken ma. DPO ya ƙi. Karon farko ke nan da kyamara ta yi aiki, har ya kira 'yan jarida. Aka fito da Bello da ankwa, ya durƙusa zai gaishe ta, kurtu ya ja shi zuwa mota.

Maje ya raka ta bakin titi ya tsayar mata da adaidaita. Kafin ta hau ta juyo.

"Ɗana, yanzu ko ranar Juma'a ba mai leƙo ni. Wannan na'urar, kullum akwai mai kallonta?"

"Sai an kawo ƙara, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta gaya wa direba sunan layinsu.