Jar Golf a Hanyar Zugu

Ranar da Abdussalam ya fara ganin Mardiyya, turo motarsa aka yi har ƙofar garejin Malam Isa da ke Anka. Tsohuwar Golf ce ja, motarsa ta farko, kwana tara da sayenta. Malamin makaranta ne a Gummi, abin da ya sani a mota shi ne ya murɗa makulli ya yi addu'a.

Malam Isa, wanda idonsa ya yi rauni, ya ɗaga murya zuwa cikin gida. "Mardiyya! Taho ki saurara muna wagga."

Ta fito cikin hijabi ruwan toka, sifana a hannu. Aka tada motar da ƙyar, ta karkata kai tana sauraro.

"Kafireto ya cushe, filogi biyu sun mutu, shokazoba babu mai rai. Malam, wa ya sayar maka da gawa?"

"Launinta na gani," in ji Abdussalam. "Yanzu ma abin da nika gani ya hana ni jin bayanin."

Ta ɗago ta harare shi. Ta koma ciki kafin ya ga murmushinta.

Difloma gare ta a fannin inji, ita ke riƙe da garejin tun da idon ubanta ya taɓu. Ta sha magana a gari, ta haɗiye. Wadda ta kasa haɗiyewa ita ce ta Faruku, wani ɗan kasuwa daga Gummi da ya yi shekara yana zance wurinta. Ana sa ran manyansa sai ya janye, ya faɗa a majalisa cewa ba zai ajiye mace mai warin baƙin mai a gidansa ba. Har yara suka mayar da ita waƙa. Ba ta yi kuka gaban kowa ba, amma ta riƙe.

Asabar shida Abdussalam yana zuwa. Ta wanke kafireto, ta saita wutar injin da kunne, ta sa salansar hayaƙi mai faɗi. Sannan ta ɗaga motar da dogayen sifirin da sabbin shokazoba.

"Ta yi kama da raƙumi," in ji shi.

"Hanyoyinmu za ta bi, ba titin Abuja ba."

Da ya isa gida saƙonsa ya shigo wayarta: "Injiniyata, na iso lafiya. Motar tana gudu, amma zuciyata ta riga ta komawa Anka."

Ta amsa: "Malamina, ka bar gudu. Ba ni da kayan gyaranka."

Sai zancen aure ya kai ga Inna Marka, mahaifiyarsa, ta ce sam. Ashe Faruku ɗan wanta ne, shi ya cika mata kunne cewa yarinyar cikin maza take wuni.

Da Mardiyya ta ji dangantakar, ta rubuta: "Ashe jininku ɗaya. Shi ya turo ka ka ƙarasa abin da ya fara? Kada ka sake zuwa."

"Wallahi ban san shi ne ba. Ki tsane shi, amma kada ki haɗa da ni. Ina nan ko shekara nawa ne."

Sati uku ba ta amsa ba. Zainab, ƙanwarsa, ita ta zo har gida ta rantse mata, ta kuma gayyace ta rakiyarta zuwa Zugu, inda za a kai ta aure cikin watan Agusta.

Ranar kai amarya motoci suka jeru a Gummi. Faruku ya iso da sabuwar farar motarsa. Ya sa an yanke mata sifirin a Gusau kamar yadda samarin birni ke yi, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Ya ce babu motar da ta dace da amarya sai ita. Aka sa Zainab da Inna Marka a ciki.

Faruku ya hango Mardiyya kusa da Golf. "A'a, bakanika! An zo da sifana ko?"

Mardiyya ta dubi ƙasan motarsa. An yi ruwa da asuba, ta kuma san mashigin rafin da ke kafin a shiga Zugu. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta cece shi. Ta gyara hijabinta ta ce, "Allah shi kai mu lafiya."

A mashigin, farar motar ta daki dutse da ciki. Kaskon baƙin mai ya fashe, man ya malala bisa ruwa, motar ta zauna cikin laka. Sauran motoci suka ja birki a baya. Daga ƙetare ana jin kiɗan dangin ango, ga hadari ya sake haɗowa. Inna Marka ta leƙo tana salati. "Amarya za ta shiga garin miji da laka har gwiwa? Mi za mu ce ma mutane?"

Abdussalam ya dubi mashigin, ya dubi Mardiyya. Ya miƙa mata makulli.

Ta sa giya ta ɗaya, ta bi ta gefen da yashi ya fi tauri, ta tsaya daf da farar motar, ƙofa da ƙofa. Zainab ta tsallako ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba, Inna ta biyo ta. Golf ta yi gurnani ta haye tudu, mata suka rangaɗa guɗa.

Bayan ta sauke su ta dawo. Faruku na tsaye cikin ruwa, shaddarsa ta zama baƙa.

"Ku ɗaura igiya mana," ya ce wa Abdussalam.

"Ba ni ke tuƙi ba."

Faruku ya sunkuyar da kai. "A taimaka."

"Da wa kake?" in ji Mardiyya. "Ɗaga murya, kamar yadda ka ɗaga a majalisa."

Direbobi suka matso kusa.

"Mardiyya, ki yi haƙuri. Ƙarya na yi miki. Ki taimake ni."

Ta ja motarsa da igiya a hankali, ta bi da shi ta tsakiyar Zugu, ta gaban rumfar biki, duk da akwai gajeriyar hanya ta bayan gari.

Da yamma Inna Marka ta sa aka kira ta. Ta daɗe tana kallonta.

"Ɗiyata, tun Gummi kin san motar nan ba ta wucewa?"

"Na sani, Inna."

"Kika yi shiru, ina ciki?"

"Na san ina bayanku."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Ke ba a taɓa ki a kwana lafiya. Ɗana ba shi da faɗa ko kaɗan, irinki shika bukata. Ki ce ma babanki muna tafe."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Anka. Malam Isa ya dafa kanta. "Kin riƙe ni, Allah shi ba ki masu riƙe ki."

Inna Marka ta kama hannunta ta sa cikin na Abdussalam. "Ga ta nan. Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. In kun yi faɗa kada ka zo wurina, bayanta nike."

Ɗakin ya amsa da amin.