Faifan da Aka Juya wa Lamba

A shekarar da salula ta fara yawa a Diffa, wata rana bayan isha'i, Awalu yana rufe shagonsa na hayar fina-finai sai ya ji murya ta bayan katanga. Namiji ne yake kuka yana cewa "kar ki... kar ki... kar ki...", ba ya gaba ba ya baya, ga wani kiɗa yana tsalle a ƙarƙashin kukan. Awalu ya zaci mai iskokai ne. Ya je ƙofar gidan ya yi sallama. Muryar ta ɗauke, wata budurwa ta fito riƙe da faifai.

"Kai ne mai shagon? Mutumin nan naka ya maƙale tun ɗazu. Kar ta yi me?"

Ya goge faifan da bakin rigarsa ya miƙa mata. Idonta ya riga ya kama shi, tun daga ranar ya fara zuwa hira.

Kellu ce, 'yar Ba Umara mai gonar tattasai a bakin kogin Komadugu. Awalu kuwa ɗan 'yan kasuwar Damagaram ne, ga ladabi, ga kunya kamar sabon suruki. In ya zo hira sai ya yi ta kallon takalminsa. A salula kaɗai bakinsa yake buɗewa, nan yake kiranta Tattasaina.

Rannan aka kawo masa sabon fim daga tsallaken iyaka, tarihin wani mawaƙi da masoyiyarsa, faifai biyu. Hoton bangon ya burge shi. Bai kalla ba ya aika mata, ya bi da saƙo:

"Tattasaina, ga sabon fim. Abin da ke cikinsa shi ne a zuciyata."

Ashe wanda ya kwafi fim ɗin ya juya lambobin, ya rubuta ɗaya a kan na biyu.

Gida duka aka zauna gaban tele, har da kakarta Ya Fanna, da Idi mai injin ban ruwa, wanda ya daɗe yana neman Kellu. Ya Fanna ta saba wanda ya yi nisa ya naɗi maganarsa a kaset ya aiko, don haka duk abin da ya fito daga na'ura, a wurinta bakin mai aikowa ne.

A faifan farko aka ɗaura aure, aka yi guɗa. Kellu ta rufe fuska tana murmushi. Aka sa ɗayan. Sai ga ango ya gamu da amaryarsa a kasuwa yana tambayarta sunanta. Uban amarya da aka binne a faifan farko ya dawo yana shan shayi. Daga ƙarshe ango ya shiga mota, ya bar ta a tasha tana kuka, tele ta yi shuɗi.

"Wannan yaron me yake nufi?" in ji Ba Umara.

"Ai ya faɗa muku, Baba," in ji Idi. "Zai aure ta, ya manta sunanta, ya koma Damagaram."

"To tsohon da ya tashi fa?" in ji Ya Fanna. "Wane ne a cikinmu?"

Ba Umara ya ce kar ya ƙara ganin mai faifai a ƙofarsa. Kellu ta rubuta wa Awalu a salula:

"Na kalla. In haka ne a zuciyarka, Allah ya kiyaye hanya."

Awalu ya karanta ya sake karantawa. Wace hanya? Sai da aka mayar masa da fim ɗin ya zauna ya kalla, ya gane an juya lambobin. Ya roƙi maƙwabcin su Kellu, Ɗanmalam, ya nema masa izinin shiga.

Da suka shiga, Ɗanmalam ya ce, "Baba, an yi kuskure ne. Bari a kalla daidai."

Aka kalla daidai. Wallahi sai ya fi muni. Mawaƙin ba murya, kuka yake yi ba hawaye, kowane ɗan motsi sai waƙa. Ba Umara ya yi gyangyaɗi. Ya Fanna ta ce ita na bai-bai ɗin ya fi mata ma'ana.

Ba Umara ya farka ya kashe tele da kansa.

"Rabu da mutanen cikin akwati. Ni ban taɓa jin muryarka ba, yaro. Kai me ka ce?"

Awalu ya dubi takalminsa, ya ɗago. Kellu tana bayan labule, yana ganin yatsun ƙafarta.

"Ina son Kellu da aure, Baba. Ba inda za ni. Fim ɗin ma ban kalla ba na aiko."

"Ba ka kalla ba ka ce shi ne a zuciyarka?" Muryar Kellu ce, tana dariya tana share hanci. "Kai, Awalu!"

"Ina kallo yanzu, Tattasaina," ya ce, ya manta a gaban wa yake.

Ba Umara ya yi kamar bai ji ba. "Turo manyanka."

Bayan an kwashe tattasai daga shanya aka ɗaura aure. Mutanen Damagaram suka cika mota, Idi ma ya zo ya karɓi goro. Ya Fanna ta dafa kan ango da amarya ta ce Allah ya sa albarka, ya ba da zuri'a, ya sa kar wani ya tambayi sunan wani a kasuwa. Aka ce amin.

Ana watsewa Ɗanmalam ya tsaya yana neman takalminsa, ya juyo ya dubi jama'a.

"To wai wannan da muka ɗaura yanzu, faifai na ɗaya ne ko na biyu?"