Wa Ya Tone Kariyar Otal?

Da hantsi manajan wani otal ya faɗo ofishin 'yan sanda yana huci. Wai an tone kariya, shukar furen da ke ƙawata ƙofar otal ɗin, kuma ba kowa ba ne ɓarawon illa tsohon da ke kula da lambunsu. Kafin azahar an taso ƙeyar tsohon.

Sufeto mace ce da ba ta son jan magana. Ta tura masa bayanin da kofur ya rubuta.

"Baba, sa hannu kowa ya huta."

"Ba zan sa ba. Shekara ashirin ina rainon kariyar nan, yau ni ne ɓarawonta? Ku rufe ni in za ku rufe."

Taurin kan nan ya ba ta haushi, amma shi ya tashe ta daga kujera. Ta sa shi a mota suka tafi otal. A bakin ramin ta ga guntayen saiwa an daddatse su da adda.

"Dubi aikin jahilci," in ji tsohon. "Ni zan yi wa saiwa haka?"

Kwana biyu tana bin masu sayar da furanni a bakin titi kafin ta ga kariyar: gindi kamar tulu, rassa gajeru, fure ja-ja mai haske. Mai furannin ya fara rantse-rantse cewa daga daji aka kawo. Da ya hango ankwa sai ya tuna cewa manaja ne ya sayar masa.

Aka kira manaja. Ko gezau bai yi ba.

"Wannan tawa ce, ba ta otal ba. A gonata ta bakin rafi na tono ta. Can birjik suke fitowa."

Tsohon ya tuntsire da dariya har da tari.

"Kariya a bakin rafi? Ranki ya daɗe, shukar tsandauri ce. Cikin duwatsu take fitowa, inda ruwa ba ya kwanciya. Ki kai ta fadama, sati biyu gindin ya ruɓe."

Sufeto ta ɗauki makullin mota. "Mu je gonar. Guda ɗaya tak nake so ka nuna mini."

Manaja ya ƙi tashi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce shi ya tone ta ranar hutun tsohon, yana ganin ba mai sauraron mai lambu. Kofur ya sa masa ankwa ya yi ciki da shi.

Kunya ta kama Sufeto. "Baba, ka yi haƙuri. Kana iya tafiya gida."

"Gida? A gaban ma'aikata kaf aka kira ni ɓarawo. Can za ki je ki faɗa musu da bakinki."

Ta dube shi, ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta buɗe masa ƙofar gaba ta motar.