Ranar da Aka Kira Sunan 'Yar Kogi

Da yammacin wata Laraba, a farkon daminar 2007, Mas'uda ta fara shiga shagon hayar littattafai na Najmuddeen da ke bayan tashar mota a Azare. Ta tarar ya kifa kai a kan wani littafi mai shuɗin bango. Sai da ta maimaita sallama kafin ya ɗago a firgice.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji shi. "Wallahi ba na garin nan, ina can saman gajimare."

Ya nuna mata littafin. Sunansa *Birnin Saman Gajimare*, labarin wasu mutane ne na zamani mai zuwa da ruwa ya cinye musu ƙauye, suka ƙera gari mai shawagi a sama. Marubuciyar ta ɓoye sunanta, ta sa 'Yar Kogi.

"Na ji an ce ƙarshensa ya yi gaggawa," Mas'uda ta faɗa tana gyara mayafi.

"Wa ya ce? A kawo min shi nan mu yi ta."

Ta yi dariya, ya tsaya yana kallonta har ta sunkuyar da kai. Ya nuna mata takardar da ya manna a bango: ƙungiyar makaranta littattafai ta ƙasar Katagum ta sa gasar littattafan al'ajabi da ƙagaggen labarin kimiyya. Babu alƙalai, masu karatu ne za su zaɓa ta hanyar tura saƙon tes ta waya.

Daga ranar Mas'uda ta riƙa biyowa ta shagon in ta taso daga kwaleji, shi kuma ya fara zuwa ƙofar gidansu da iznin mahaifinta, Malam Hammadu tela. Najmuddeen ya sa mata suna Tauraruwa. Wata rana suna zaune a zaure ta ce ya rantse zai riƙe mata wani sirri. Ya rantse.

"Ni ce 'Yar Kogi, Yaya Najmu. Ko Baba bai sani ba."

Ya yi mata sallama ya tafi. Yana isa shago saƙonsa ya shigo wayarta:

"Tauraruwa, ashe mutum ɗaya nake so sau biyu. Na so ki a takarda tun ban san fuskarki ba. Ki ba ni dama in turo magabatana."

Ta amsa: "Ka fara tura ƙuri'arka tukuna, sai mu ga ko da gaske kake."

Ana cikin haka damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya yi ambaliya, ya shafe wani ƙauye a kan hanyar Katagum. Ranar Juma'a da safe ruwan ya shigo, kuma katangar masallaci ce ta fara faɗuwa. Haka abin yake a cikin littafin, har ranar, har katangar.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari. Wasu suka ce marubuciyar tana da aljanu masu ba ta labari. Wasu suka ce ba gani ta yi ba, ita ta kira ruwan. Mas'uda na jin ana faɗa a aji, tana gode wa Allah ba wanda ya san ta.

Sai wata safiya ta fito za ta kwaleji, ta ga an rubuta da gawayi a jikin katangarsu: GIDAN 'YAR KOGI MAYYA.

Matan da ke layin famfo suka janye 'ya'yansu suka rufe musu fuska. Kafin azahar an fara jifan kwanon rufinsu, duk dutsen da ya sauka sai ta ji kamar a ƙirjinta ya faɗi. Malam Hammadu ya rufe shagonsa ya dawo ya sa sakata.

"Ban hana ki karatu ba, Mas'uda," ya ce. "Amma kin san abin da ake yi wa wanda aka kira da sunan nan? Ni na taɓa gani da idona. Ba za ki ƙara taka ƙofar gidan nan ba."

Ta shige ɗaki ta rubuta wa Najmuddeen: "Kai kaɗai na faɗa wa. Ka rantse min da Allah. Kada ka ƙara kirana."

Ya yi ta kira ba ta ɗauka ba. Ya zo ƙofar gida, Malam Hammadu ya ce ta bayan ƙyaure ya koma, ba a son taro.

A gidansu ma wuta ya tarar. Mahaifiyarsa Hajiya Yelwa ta ji komai a gidan suna.

"Yarinyar da kake son kawo min ke nan? In dai ni na haife ka, ka cire ta daga ranka. Ina da jikoki a gidan nan."

Najmuddeen ya durƙusa. "Hajiya, ba zan saɓa miki ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki bari Hauwa ta karanta miki littafin. In kin ji abin da ya saɓa wa Allah a ciki, da hannuna zan ƙona shi."

Hajiya ta sa ƙanwarsa Hauwa ta ɗauko littafin, ta ce ta fara karanta Ayatul Kursiyyu kafin ta buɗe.

Ana gobe za a bayyana sakamako wani saƙo ya shigo wa Mas'uda. Daga Naziru ne, wani marubuci da littafinsa ke cikin gasar, wanda ya taɓa neman aurenta ta ƙi.

"Na ga sunanki a maɗaba'a ranar da na je karɓar nawa. Kin ga yadda gari ya ɗauka. Ki aiko a ce kin janye, ni zan kwantar da maganar. In kika zo gobe, duk abin da ya same ki ke kika jawo."

Ta karanta har ƙarshe. Ashe ba Najmuddeen ba ne. Ta fashe da kuka ta rubuta masa: "Yaya Najmu, na zalunce ka. Ka yafe min. Tsoro nake ji."

Nan take ya amsa: "Ban taɓa riƙe ki ba, Tauraruwa. Ni ma tsoron nake ji. Amma ina nan."

Washegari bayan azahar aka buga ƙofarsu da ƙarfi. Mas'uda ta maƙale a bayan mahaifiyarta. Malam Hammadu ya ɗauki taɓarya ya leƙa ta kafar ƙyaure, sai ya ga wata dattijuwa da carbi, Najmuddeen na tsaye a bayanta.

Hajiya Yelwa ta shigo tsakar gida ta ƙare wa Mas'uda kallo.

"Ke ce kika kashe Inna Fatu a tsakiyar labari? Baiwar Allah ta ɗora kowa a jirgi, ita kika bar ta a ruwa? Kwana na yi ban ci tuwo ba."

Mas'uda ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya.

"Ɗauko mayafinki, 'yata. Malam, ka ba ni aronta. In ta ɓuya yau, ta ɓuya ke nan har abada. Duk wanda zai taɓa ta sai ya fara da ni."

Malam Hammadu ya ajiye taɓaryar ya ɗauko hularsa. "Tare za mu."

A wani zauren makaranta aka yi taron. Wasu samari sun tsaya a bakin ƙofa fuska a murtuke, ɗaya riƙe da gora. Mas'uda ta bi ta tsakaninsu tana jin numfashinsu, idonta a ƙasa. Suka zauna a baya. Naziru na sahun gaba cikin farar shadda.

Shugaban ƙungiya ya yi dogon bayani da ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Daga ƙarshe ya ce littafin da masu karatu suka fi zaɓa, da tazara mai yawa, shi ne *Birnin Saman Gajimare*, kuma in 'Yar Kogi na nan ta fito.

Daga bakin ƙofa wani ya daka tsawa: "Mayya!"

Hajiya Yelwa ta damƙi hannun Mas'uda ta miƙar da ita, ta juya wajen mai tsawar.

"Kai yaro, ka karanta littafin? Faɗa min sunan matuƙin jirgin."

Ya hau rarraba ido.

"Kawu Yakubu!" wata murya ta amsa daga gefe. Wata ma'aikaciyar jinya ce, Dinatu, ta miƙe tsaye. "Na karanta, kuma ni na zaɓe shi."

Wani malamin firamare daga Misau ya miƙe. Wasu 'yan mata daga Gamawa suka miƙe tare. Wani direba, wata matar aure da goyo, har da wani saurayi da ya ce gidansu na cikin waɗanda ruwan ya ci, kuma littafin ne ya ɗebe masa kewa a inda aka tsugunar da su. Mutanen da ba ta taɓa gani ba suka yi ta tashi har ta daina hango ƙofa. Ta taka zuwa gaba, ta karɓi kambun gasar tana hawaye. Da ta waiwaya, kujerar Naziru ba kowa.

Maganar ba ta mutu a ranar ba. An ɗauki watanni wasu na sauya hanya in sun hango ta, ita ma in abu ya faɗo a kan kwano sai ta zabura. Amma jifa ta tsaya, Malam Hammadu ya buɗe shagonsa.

Bayan babbar salla aka ɗaura auren Najmuddeen da Mas'uda. Da aka kawo amarya, Hajiya Yelwa ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare ku daga bakin mutane, ya ba ku zuriya mai albarka. Ke kuma 'yata, Allah ya ƙara wa alƙalaminki kaifi."

Ɗaki ya amsa da amin. Mas'uda ta ɗago kai a hankali daga cikin lulluɓi, ta tarar Najmuddeen ita yake kallo, ta ce amin a karo na biyu.