Allon da Bai Sha Iska Ba

Ranar da Allah Ya ƙaddara haɗuwarsu, saurayin da ake yi wa laƙabi da Tawada yana durƙushe a gaban babban injin buga alluna, yana goge shi da ƙyalle. Laƙabin ya bi shi ne saboda yatsunsa ba sa rabuwa da shuɗi da ja, ko da sabulu nawa ya wanke su. Injin tsoho ne, faɗinsa ya fi tsawon mutum, ya cinye rabin shagon. A kan kujera kuma wani matashin dillalin injuna ne zaune, yana jiran Maigida, mai shagon, domin ya ƙara yi masa tallar sabon inji.

Sai aka yi sallama. Budurwa ce riƙe da takarda, alamar damuwa a fuskarta.

"Nan ne ake buga allon shago?"

"Nan ne," in ji Tawada, ya miƙe har ƙyallen ya suɓuce masa. "In dai allon ba ya ƙyamar tsohon inji."

Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai. Ita ce autar wani kafinta da zai buɗe sabon shago washegari da safe. Tun mako guda ya ba ta aikin allon, ta manta.

"Don Allah ka rufa mini asiri. In Baba ya ji yau na kawo, na shiga uku."

Dillali ya yi dariya. "Ai kin makara, 'yar Baba. Wannan kakan injunan sai ya yi tari sau uku kafin ya rubuta harafi ɗaya. Da nawa ne, kafin ki sha ruwa an gama."

Shagon yana da ƙa'ida, kuma Tawada ya san ta kamar yadda ya san hanyar gidansu. Baba Injiniya, dattijon da ya shekara goma sha biyar yana kula da injin, shi ya kafa ta. Allon da zai zauna a rana, sai kan injin ya bi kowane layi sau takwas, a hankali. In an gama, a shanya bugun ya sha iska yini da kwana, tururin tawadar ya fice, sannan a manna masa ledar kariya.

Tawada ya dubi Dillali, ya dubi Auta. "Ki dawo bayan la'asar," ya ce.

Ya saita injin a kan gudu mafi sauri. Bugun na fitowa, warin tawada bai ko lafa ba, ya shimfiɗa masa leda, ya manna a jikin allo. Zuciyarsa ta yi masa magana sau biyu, ya toshe mata baki. Da Auta ta dawo ta ga allon yana ƙyalli, ta rufe baki da hannu don murna. Da yamma saƙonta ya shigo, ta lambar da ya rubuta mata a bayan takarda:

"Mai tawada, Baba ya ce allon ya yi kyau. Ka fitar da ni kunya, Allah Ya fitar da kai. Amma ka wanke hannun nan kafin ka ci abinci."

Ya amsa: "Na wanke, Autar Baba, bai fita ba. Akwai kuma wani abu da ya kama zuciyata yau, shi ma ba na jin zai fita."

Daga nan zumunci ya ƙullu, cikin ladabi da kiyaye iyaka. Ya je ya gaida kafinta, aka ba shi izinin zuwa zance a zauren gida. Kullum in zai je sai ya bi ta gaban shagon kafintan, ya ɗaga kai ya duba ko allon ya fara lalacewa.

A mako na uku abin da yake tsoro ya auku. Ledar ta yi ƙuraje kamar fatar mai ƙyanda, gefunan suka naɗe, sunan shagon ya dushe. Maƙwabta suka riƙa yi wa kafinta ba'a, wai ko allon ma ya kamu da zazzaɓi. Kafintan ya sauke shi, ya ɗauko da kansa har gaban Maigida.

"Me ya faru da aikin nan?" Maigida ya tambayi Tawada.

A nan ne ya kamata harshe ya faɗi gaskiya. Amma yaron ya dubi mahaifin wadda yake so, ya ji kunya ta rufe shi.

"Injin ne, Maigida. Tun gyaran da aka yi masa, tawadar ba ta kamawa sosai."

Dillali, wanda ba ya nisa da shagon, ya tafa hannu. "Ban faɗa ba? Tsohon inji, tsohon mai gyara. Sai su haɗu su kashe maka kasuwa."

Maigida ya sa aka kira Baba Injiniya, ya sallame shi a gaban kowa. Dattijon ya shafa allon da yatsa, ya yi wa Tawada kallo ɗaya. Ya tattara sukudireba da filaya a jakarsa, ya ce, "Allah Ya san abin da hannuna ya yi." Ya fita.

Mai gyara kuwa da sunansa yake ci. Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu a layin masu buga alluna cewa hannun Baba Injiniya ya fara rawa. Shaguna uku suka daina kiransa.

Shi ma kafinta, da ya koma gida, ya kira 'yarsa. "Ki gaya wa yaron nan ya dakata da zuwa."

"Baba, ai ba laifinsa ba ne, injin ne."

"Na gama magana, Auta."

A cikin kwanakin ne Dillali ya turo manyansa gidan kafinta neman izini. Tawada ya ji labari, bai motsa ba. Saƙonnin Auta suna shigowa, yana karantawa, ya kasa amsawa, domin duk kalmar da ya rubuta sai ya ga ƙarya a bayanta. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya tsaya salla, fuskar dattijo da jakar kayan aiki ce ke tsaya masa a gaba. A rana ta biyar da shirunsa, Auta ta rubuto:

"Mai tawada, shirun nan na mene ne? Na yi ta kare ka a gaban Baba har ya yi fushi da ni. In ka samu wata ce, ka faɗa mini. In kuma ka bar wa Dillali ni ne, to ka sani ni ba inji ba ce da za a sayar."

Ya kifa wayar, ya tafi sallar azahar. Da aka idar da salla sai ya ga Baba Injiniya ne a damansa. Ya so ya sulale, dattijon ya riga ya miƙo masa hannu.

"Ɗana, ya aiki? Ya tsohon namu?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ka riƙa share masa kai kowace safiya kafin ka kunna. Ba ya son tawada ta bushe masa a hanci. In ya yi gardama, ka kira ni a ɓoye, zan gaya maka abin yi."

Da dattijon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya zauna har masallaci ya watse, hawaye na zuba a kan yatsunsa masu shuɗi. Malamai sun karantar da mu cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa istigfari yana wanke shi, amma haƙƙin ɗan'uwa sai an je ƙofarsa. Tawada ya san wannan karatun tun yana ƙarami. Ya fito, ya fara da rubuta wa Auta:

"Hasken idona, babu wata, ba kuma za a yi ba. Injin lafiyarsa ƙalau. Ni na yi wa allon gaggawa don in burge ki, na manna leda tawada ba ta bushe ba, sannan na ɗora wa dattijo laifin. Mutumin da kika kare a gaban Baba maƙaryaci ne. Yau zan faɗa wa kowa. In na rasa ki, ni na jawo."

Amsarta ta daɗe kafin ta zo.

"Na yi kuka, na kuma yi fushi. Ka sa na yi wa mahaifina musu a kan ƙarya. Amma ni ma da nawa, ni na manta da allon, ni na matsa maka. Je ka faɗa. In ka dawo za mu san abin da ya rage."

Ya bi Baba Injiniya har gida, ya durƙusa a tsakar gida, ya faɗi komai.

"Ai na sani," in ji dattijon. "Ina shafa ledar na gane."

"Me ya hana ka tona ni, Baba?"

"In na tona ka, na kori yaro daga aiki, na kuma kore shi daga gidan surukai. Na ce bari in ba ka kwana kaɗan, ko Allah zai sa ka zo da ƙafarka. Sai dai ka daɗe, ɗana. Na fara tunanin na yi kuskure."

Maigida kuwa bai yi sanyi haka ba. Ya yi faɗa har masu shagon kusa suka leƙo. "Ka sa na wulaƙanta sa'an mahaifina a gaban mutane! Da wane ido zan dube shi?" Ya cire Tawada daga kan injin, ya mayar da shi yankan sitika da shara har wata biyu. Shi da kansa ya je ya ba dattijon haƙuri, ya dawo da shi.

Baba Injiniya ne ya sake buga allon a tsohon injin, sau takwas, aka shanya shi yini da kwana. Dillali ya zo yana cewa nasa zai yi aikin a sulusin lokacin.

"Gaskiyarka," in ji dattijon. "Naka ya fi gudu, na gani da idona, inji ne mai kyau. Amma ko shi ya buga, sai an shanya. Ka taɓa gaya wa masu saye haka?"

Dillali ya duba agogonsa, ya ce yana da alƙawari.

Tawada ne ya ɗauki allon zuwa shagon kafinta. Ya tarar da shi yana ɗaure ƙafar kujera da matsi. Ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa cikin garin katako, ya maimaita abin da ya faɗa wa sauran.

Kafinta bai ɗago ba sai da ya gama ɗaurin. "Shekara talatin ina aiki da gam. Na san kamannin abin da aka manna kafin lokacinsa. Tun a shagonku na yi zato, amma zato ba shaida ba ne, shi ya sa na kame bakina. Gaggawa ba ta dame ni ba, kowane mai sana'a ya taɓa yi. Abin da ya tsorata ni, ka tsaya kana kallo aka kori dattijo. Na ce wanda ya iya wannan, ranar da ya ɓata wa 'yata, wa zai ɗora wa?"

"Na yi laifi, Baba."

"Shagunan da suka daina kiransa fa?"

"Zan bi su ɗaya bayan ɗaya."

"To bi su. In ka gama ka dawo."

Ya bi su. Ba ƙaramin abu ba ne saurayi ya shiga shagon abokan sana'a ya ce shi ne ya yi ƙarya. Wasu suka yi masa dariya, wani ya ce ashe so yana makantar da mai tawada ma. Shaguna biyu suka dawo da Baba Injiniya. Na ukun ya riga ya ɗauki wani mai gyara, bai kuma sake shi ba. Wannan ya tsaya wa Tawada a rai, domin ya gane akwai ɓarnar da tuba ba ta mayar da ita yadda take.

Bayan wata huɗu kafinta ya tambayi 'yarsa ra'ayinta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru irin wanda iyaye ke ganewa. Ya ba manyan Dillali haƙuri cikin mutunci, ya aika wa Tawada ya turo nasa. Da kawunsa zai tafi, Baba Injiniya ya sa babbar rigarsa ya ce shi ma da shi za a je.

Aka ɗaura aure wata safiya a gaban shaidu, aka yi addu'a. Da aka kai amarya, mutane suka ragu, ango ya zauna nesa kaɗan da ita, ya kasa haɗa ido.

"Autar Baba, kin yafe mini har zuciya?"

"Na yafe tun ranar da ka shiga shago na uku, aka yi maka dariya ba ka juya ba. Ƙawata ta gan ka." Ta ɗan ɗaga mayafinta. "Amma ka ji sharaɗina, Mai tawada. Duk abin da ka ɓata a gidan nan, ko kofi ne, ni za ka fara gaya wa."

"Ko da za ki yi faɗa?"

"Zan yi faɗan kuwa. Sannan in zuba maka abinci."

Ya yi dariya, idonsa na cike da ruwa. Suka tashi suka yi alwala, ya ja su raka'a biyu na godiya, kuma a cikin addu'arsa ya ambaci dattijon kafin ya ambaci kansa.

Allah Ya sanya albarka a wannan gida, Ya ba su zuriya masu tsoronSa da faɗin gaskiya. Ya saka wa Baba Injiniya da mafificin abin da ya rasa. Mu kuma Ya ba mu ikon sauke haƙƙin bayinSa tun muna da ƙafar zuwa ƙofarsu. Amin.