Auta da Kyanwa Mai Doguwar Ƙafa

Tun da safe Auta take tsaye a bayan teburinta, a babban ɗakin baje kolin zane-zane. Ga shi har yamma ta kawo kai. Ƙafafunta sun yi tsami, ga yunwa, ga hayaniya. Ko zane ɗaya ba ta sayar ba.

Abin ya dame ta ƙwarai. Fentinta ya ƙare ƙaf, kuma Mama ta ce babu halin sayen wani a bana. In ba ta yi ciniki yau ba, zane ya tsaya ke nan.

Mutane kam suna zuwa. Auta ce ke korar su da bakinta, ba ta ma sani ba.

Wani dattijo ya tsaya, ya ɗauki zanen wata bishiya.

"Wannan ya yi kyau, 'yata," in ji shi.

"Ai bai yi ba, Baba. Dubi nan, fenti ya ɗiga. Reshen ma ya karkace."

Dattijon ya gyara tabarau. Da farko bai lura ba, yanzu kuwa ya gani sarai. Ya ajiye zanen, ya yi mata fatan alheri, ya wuce.

Haka ta yi wa kowa. Wanda duk ya yaba, sai ta nuna masa aibu, kamar an biya ta.

Ƙarshe dai ta zauna a kan kwali, ta haɗa kai da gwiwa. Can sai ga Malamar zane ta makarantarsu.

"Auta, lafiya?"

"Na gaji, Malama. Ba wanda yake son zanena."

"Na daɗe ina jin ki daga teburin can," in ji Malama. "Su suna so. Ke ce ba kya so."

Auta ta ɗago. "To ƙarya zan yi musu?"

"A'a. In sun tambayi aibu, ki faɗa. Amma aibun ne kaɗai gaskiyar zanen?" Malama ta ɗauki wani. "Wannan kyanwar fa, me ya sa kika zana ta?"

"Ƙafarta ta yi tsawo..."

"Ba ƙafa na tambaye ki ba."

Auta ta yi ɗan murmushi. "Kyanwarmu ce. Kullum a cikin takalmin Baba take barci. Da safe sai ya tsaya da ƙafa ɗaya yana lallashinta, don kada ya makara wurin aiki."

Sai suka ji dariya. Ashe wata mata ce tsaye da ƙaramin ɗanta, suna sauraro.

"Mama, ita nake so," in ji yaron.

Matar ta duba zanen da kyau. "Ƙafar nan ba ta yi tsawo ba kuwa?"

Auta ta gyaɗa kai. "Ta yi, Anti. Miƙa take yi lokacin da na zana ta, ni kuma na ɗan ƙara."

Matar ta sake dariya, ta buɗe jaka ta biya. Kafin a rufe ɗakin, wani ma ya sayi zanen bishiyar.

A gida Auta ta zube a kujera, ko takalmi ba ta cire ba.

"Gobe ma je kantin fenti," in ji Mama. "Me kika koya yau?"

Auta ta yi hamma, ido a rufe. "Kada mutum ya raina aikin hannunsa, Mama. In ni na kushe shi, wa zai saya?"